Gurbina a Bencinki

Zuwa ga Habsa, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka kan gonakin Kurfai, wadda muryarta ta fi mini fura da nono a tsakar rana. Gaisuwa mai yawa daga Ibrah, wanda kika sani.

Habsa, kwana uku ke nan raina yana tafasa! Tun da soja suka karɓi mulki aka fara cewa Ingilishi zai yi rana, muka cika ajin manya na Madam Mairama, ni ɗan mai gogen bori ina can bencin ƙarshe, inda aka saba ajiye irinmu. Ke kika matsa mini wuri a naki. Kin tuna?

Sai ga ranar Alhamis, Madam ta ce kowa ya fito ya rubuta da Ingilishi inda yake zaune: wane a gaba, wane a baya, wane a gefe. Kika tashi kamar barewa, kika ɗauki alli, kika rubuta cewa Ibrah yana gefenki. Ko harafi ɗaya ba ki kuskure ba. Wayyo, farin allin nan ya fi mini hasken wata! Amma yayanki Albarka ya miƙe a gaban mutum talatin, ya shafe da tafin hannunsa, ya rubuta cewa ina bayanki. Aji ya yi dariya. Ni kuwa na ɗauki kayana na koma baya, kamar an kori akuya daga rumbu. Na ji kunyar wannan tashi, har yau ina jin ta.

Wa ya ba shi ikon gyara abin da yake daidai? Idonsa bai gan ni a gefenki ba? Gogen mahaifina da yake ƙyama, ba shi aka kaɗa wa gwaggonku ba shekarar da ta kwanta ciwo? Geron gonarmu ya taɓa ƙin shiga turminku? Sai zama benci ɗaya ne ya zama abin kunya!

To, a gaya masa: ba zan canza uba ba, ba kuma zan canza masoyiya ba. Ran Juma'a kawunnena za su zo gaisuwa gidanku, ta ƙofar gaba, da rana tsaka. In an kore su, su dawo wata Juma'ar.

Ke kaɗai nake tsoro, Habsa. In kika ce in janye, zan janye ko da zuciyata za ta tsage kamar ƙasar fadama da rani. In ba haka ba, ran Litinin ki sake ɗaukar allin nan, ki mayar da jimlarki yadda take. Kada ki waiwaya bencin ƙarshe nemana, ba na can.

Naki, a gefenki, har ranar da za a kwantar da ni,
Ibrah