Garin da Na Sa a Ƙarshe

Zuwa ga ƙanena Iliyasu, a duk inda wannan takarda ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaishe ka da sanyi, ina gaishe ka da zaman baƙunta. Mutanen gida a Daura kowa lafiya. Matarka Saude tana nan lafiya. 'Yarka Nana ta kai izu goma, ta kuma ɗauko tsayinka da taurin kanka.

Ina sanar da kai cewa bayan ƙaramar salla zan shigo Turai. Biza ta fito. Shekara bakwai ke nan rabona da jirgi, tun da ciwon Inna ya zaunar da ni, na bar wa abokan cinikina na Kano kai fata Italiya. 'Yan majalisarmu ta ƙofar gida sai tsiya suke yi mini, wai Alhaji ya gaji da fura, marmarin taliyar Turawa ya motsa. Ina taya su dariya.

Ga yadda na tsara tafiyar. Zan fara da Barsalona, in zauna a bakin tekun nan inda ka ɗebi ruwa ka ɗanɗana don ka tabbatar da gishirin. Daga nan sai Marsai, in ci kifi a layin Larabawa. Sai Fulorans ta Italiya, wadda ka san duk ta fi kwanta mini a rai.

Ka tuna Fulorans? Shekara takwas ke nan, tafiyarka ta farko, kana riƙe mini jakar samfurin fata. Muka tsaya a gaban wani kanti, ka manna hanci a jikin gilashi kana kallon jakar mata ta jar fatar akuya, irin wadda muke saye a kasuwar Mai'aduwa. Ka ce, “Yaya, akuyar Mai'aduwa ta fi mu sa'a, ita ta samu takardar zama.” Na yi dariya har da hawaye. Bayan kwana uku ka sulale a tashar jirgin ƙasa, na dawo gida ni kaɗai da jaka biyu.

Shekara biyu kana kira. Ka ce kana tsinkar tumatir a gonakin kudancin Italiya, na ce kai da ko ban ruwan lambun gidanmu sai an yi faɗa da kai. Kiranka na ƙarshe ranar wata Laraba ce da damina. Ka ce za ka sake kira bayan Juma'a. Yau shekara shida ina jiran wannan Juma'ar.

Ilu, yanzu zan gaya maka abin da na yi da sunanka.

Juma'ar farko Inna ta tambaye ni ko ka kira. Tana kwance, kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Na ce ka kira tana barci, kana gaishe ta. Ta yi murmushi, ta shanye kunu kofi guda. Juma'a ta biyu na sake. Kafin shekara ta zagayo na gina maka rayuwa sukutum: ɗaki kusa da masallaci, maigida mai amana, takardun da kullum suke gab da fitowa. Har mura na taɓa ɗora maka, don labarin ya yi kama da gaskiya. Duk abin da na gaya wa Inna, ita kuma ta gaya wa Saude. Da salla in sayi atamfa in ce kai ka aiko, da kaka in kai buhun gero da sunanka.

Inna ta rasu shekara uku da suka wuce. Maganarta ta ƙarshe a kanka ita ce, “In ya kira ka ce masa na yafe.” To ga shi na isar.

Ya kamata in tsaya a nan. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuwa nawa kullum ƙara haƙa shi nake yi, saboda ban san da wane baki zan dubi Saude in ce duk gaisuwar nan tawa ce ba.

Watan jiya yayan Saude ya kai magana kotun shari'a. Ba ta zage ka ba, ba ta kuma yi kuka ba. Cewa ta yi a gaya mata ko ita matar aure ce ko ba ita ba ce. Alƙali ya kira ni, ya ce tunda ni kaɗai nake jin muryarka, in dafa Alƙur'ani in rantse kana raye. Idan kuwa labarinka ya yanke, kotu za ta bincika, sannan ta fara ƙirga shekarun jiran da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓata. Ashe ƙirgen ma bai soma ba, kuma ni na hana shi somawa. Shekara shida na cinye wa baiwar Allah, tana zaune tana jiran mutumin da ni na ƙaga. Ina da alwala, amma na kasa dafa Alƙur'anin. Na roƙi alƙali ya ɗaga mini ƙafa sai na je na dawo.

Akwai gari na huɗu a tsarin tafiyata, wanda ban faɗa wa 'yan majalisa ba.

Wani mutumin Magarya da ke aikin tumatir a kudancin Italiya ya nemi lambata wajen dillalan awaki, ya kira ni. Ya ce shekarun baya, cikin tsananin sanyi, an tsinci wani mutum ya cika a bukkar ma'aikata kusa da garin Foja. Ba takarda a jikinsa, ba wanda ya san sunansa na gaskiya. Aka binne shi da lamba a maimakon suna, hukuma ta ajiye hotonsa. Abin da ya sa ya neme ni shi ne mamacin yana da tsagar Daurawa a kumatu.

Daurawa suna da yawa a duniya, haka nake gaya wa kaina. Sai dai ina da shekara goma sha biyu ranar sunanka, ina tsaye a bayan wanzami. Tsoho ne, hannunsa na rawa, tsagar hagu ta karkace ta yi ƙasa. Inna ta daɗe tana yi masa mita. Na tambayi mutumin Magarya ko tsagar a karkace take. Ya ce shi bai lura ba.

Kallo ɗaya zan yi wa hoton in sani. Shi ya sa na sa garin a ƙarshe. Mai yankan tikiti a Kano ya ce mini wannan zagaye ne, in fara da kudu ya fi sauƙi. Na ce masa a bar shi yadda na tsara. Tsoro nake ji, Ilu. Ina son mako biyu in yi yawo a garuruwan da muka taka tare ina leƙa fuskokin mutane, alhali kana iya zama kowane ɗaya daga cikinsu.

Jiya Saude ta aiko a kira ni. Ta miƙo mini hular da ta ɗinka maka, a naɗe cikin ɗankwali, idonta a ƙasa. Ta ce, “Yaya Alhaji, in ka same shi ka ba shi. In ba ka same shi ba, kada ka dawo mini da ita.” Ba ta ce in gaishe ka ba. Ban san tun yaushe ta daina yarda da ni ba.

Ba ni da adireshinka, don haka na ajiye wasiƙar nan a fili, a shafina na intanet, inda kowa zai karanta. Na san 'yan'uwan Saude za su gani, labari kuma zai riga ni isa kotu. Gara haka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kana raye, ba na neman bayani. Ka sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin rubutun nan kafin in isa Foja.

Na zo wurin addu'a na rasa wadda zan yi maka. In na ce Allah ya dawo da kai lafiya, ina tsoron na makara. In na ce Allah ya jiƙanka, ina tsoron na yi maka baki. Na nemo wadda za ta same ka ko a wane ɓangaren kake: Allah ya haskaka inda kake kwance, ya yafe mini haƙƙin Saude, ya sada mu da alheri.

Hularka tana cikin jakata, a sama.

Naka,
Yayanka.