Gashin Inna Ya Fara Fitowa

Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da yara kuna lafiya. Kin ce in riƙa sanar da ke jikin Inna. Ga abin da ke littafina.

Mako shida ke nan da ta fara wani maganin da ba na asibiti ba, wai shi homiyofati, da Kawu ya kawo. Ƙwayoyi ne farare kamar sukari, biyar ƙarƙashin harshe, safe da yamma. Mai maganin ya hana taɓa su da hannu, don haka da murfin kwalbar nake zuba mata. Amai ya tsaya ranar tara ga wata. Jiya ta cinye abincinta, har da ƙorafin gishiri ya yi kaɗan. Gashinta ma ya fara fitowa. Wataƙila na yi saurin murna. Kemo kuwa, wato ƙarin ruwan maganin daji a asibiti, Kawu ke kai ta duk Talata ina wurin aiki.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

Ƙanina,

Muna lafiya. Shekara goma sha biyu ina aikin jinya a ɗakin masu ciwon daji, ban cika ganin gashi ya fito ana tsakiyar kemo ba. Ajiye biro ka duba katin asibitinta. Ƙwayoyin nan ba sa taɓa ƙari. Ka gaishe ta.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na duba. Hatimin ƙarshe na mako bakwai da suka wuce ne. Sau shida na rubuta "an je asibiti", alhali fitarsu daga ƙofa kawai na gani. Ashe gidan Kawu suke zuwa, ta sha shayi, su dawo da rana.

Na tambaye ta. Ta ce, "Kai sarkin rubutu, wancan ruwan kwantar da ni yake, wannan kuwa ya tashe ni. Wanne ne magani?" Kawu ya ce shi direba ne kawai.

Ƙarin da ke wuyanta ban taɓa aunawa ba, mayafi ke rufe shi. Yau na ari abin awon tela. Ya ƙaru sosai a kan awon da ke katin asibitinta.

Allah Ya sa mu dace.
Ƙaninki.

Yaya,

Gaisuwa. Likita ya ba mu ranar Talata, ya ce har yanzu da sauran dama. Inna ta gindaya sharaɗi biyu: a bar mata kwalbarta, kuma ke ki zauna kusa da ita har ruwan ya ƙare. Likita ya amince da na farko.

Na ɗauki hutu. Saura ke.

Ƙaninki.