Katin Asibitin 'Yata Yana Kulle a Kabad Ɗinku

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Ɗaukar Ma'aikata,
Kamfanin Sarrafa Sabulu.

Daga:
Mai neman aikin kula da sito, lamba ta 14.

Litinin, 24 ga Maris, 2025

Ranka ya daɗe,

Game da: Riƙe mini takardu da katin asibitin 'yata tun ranar tantancewa

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar Talata, 4 ga Maris, na halarci tantancewa a hawa na biyu. Da aka gama, sakatarenka ya karɓi ambulan ɗin takarduna na asali, ya ce za a duba a maido cikin kwana uku. Bai ba ni shaidar karɓa ba, ni ma kunya ta hana ni nema.

2. Na amsa laifina guda: duk wata takarda mai muhimmanci a gidanmu a ambulan ɗin nan nake ajiye ta. Katin asibitin 'yata mai wata tara yana ciki. A bayansa likita ya rubuta sunan wani magani da ya taɓa kumbura mata fuska, sunan da ni ban iya riƙe shi a ka ba.

3. Ranar 11 ga wata na dawo, aka ce sakatare ya fita. Ranar 13 na same shi yana cin abinci a kan tebur, ya ce makullin kabad yana hannun wani da ya tafi hutu. Ranar 19 mai gadi ya tsayar da ni a bakin get, wai ba a shiga da goyo. To, ranka ya daɗe, a ina zan ajiye ta? A kan titi?

4. Ƙyanda ta shigo gidan hayarmu, yara biyu na kwance a ɗakin da ke kallon namu. Ma'aikaciyar jinya a asibiti ta ce ba za ta yi wa 'yata allurar rigakafin ƙyanda ba sai ta ga abin da likita ya rubuta, kuma ban ga laifinta ba. Ranar Alhamis, 27 ga wata, ita ce ranar allura ta gaba. Kwana biyar ke nan ina tsare yarinya mai rarrafe a ɗaki kamar mai laifi.

Maganar aiki na bar muku. In kun ɗauki wata, Allah ya sa ita ce alheri. Amma haƙurin talaka ba wauta ba ne. Ina roƙon ka ba da umarni a buɗe kabad ɗin, ko da kafinta za a kira, a ba ni ambulan ɗina kafin la'asar ɗin Laraba. In Laraba ta wuce, da safiyar Alhamis za ka same mu a bakin get, ni da ita, a daidai inda motarka take shiga.

Allah ya ƙara girma, ya kare naka 'ya'yan.

Taka cikin ladabi,
Mai lamba ta 14, uwar mai katin