Gashin Sixten a Miyar Gunnel

Ylva,

Na makara aiki, ba zan iya jiran dawowarki ba.

Wata uku kina mita in share bututun iskar kicin, wai gashin karenmu ya toshe shi. To, yau na share. Na cire murfi, na zura injin zuƙar ƙura, ashe na sa tiyon a kafar da ke hura iska waje. Na leƙa na ga bututu fes, har ina yabon kaina. Shaf na manta bututun nan ɗaya ne da na mutanen sama.

Ba a yi minti biyar ba sai ga Gunnel ta hawa na uku, riƙe da tukunyar miyar wakenta ta Alhamis. Shekara tara matar nan ba ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ba, sai dai ta manna takarda a ɗakin wanki. Ta buɗe tukunya ta ce, "Torkel, wannan naku ne?" Gashi fari fat ya rufe miya. Na ce ƙila na magen wani ne. Ina rufe baki karenmu Sixten ya leƙo yana kaɗa jela.

Ta ce ranar Litinin za ta kai mu gaban kwamitin gida.

Ki rufa min asiri, ki sayi burodin kirfa ki hau ki ba ta haƙuri, ke take ganin mutuncinki. Kuma kar ki ce za ki tafi da Sixten don su saba. Ta riga ta ɗanɗana shi.

Torkel