Ganyen Gwaibar Dakta

Zuwa ga ƙanena Dakta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya fama da ɗakin gwaji? Yara suna gaishe ka, maigidan ma haka. Rubutowa na yi saboda a waya da na buɗe baki sai ka ce kana tsakiyar aiki, ga Inna tana kasa kunne daga ɗakinta.

Bidiyon nan da ka turo ya jawo mana magana. Wanda ka ɗiga ruwan ganyen gwaiba a kwalbar gwaji, ruwa shunayya ya koma rawaya, kana ta murna kana cewa yana aiki, yana aiki. Ni na gane bayaninka daidai gwargwado, wai akwai sinadari a ganyen da ke hana abu lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Inna kuwa kalma biyu ta riƙe: yana aiki. Ta kalla har cajin wayata ya ƙare, ta nuna wa mai wanki, ta nuna wa matar maƙwabci.

Yanzu gwaibar tsakar gida an yi mata aski tas. Safe da yamma Inna na dafa ganyen a ƙaramar tukunya tana sha. Da iya nan ne da ban damu ba. Jiya ina neman allura na buɗe gwangwanin zarenta, sai ga ƙwayoyinta na hawan jini da na suga cike da shi. Wato kullum na miƙa mata, karɓa take ta ɓoye.

Na ce mata kai ba likita ba ne, daktan karatu ne, shi ma ba ka gama ba. Na tuna mata mu muka liƙa maka sunan don tsokana, tun kana farke cikin ƙadangaru da reza. Ta ce dama tun kana goye nake kishi da kai. Ni da na goya ka!

Don Allah ka kira ta ka faɗa mata da bakinka. Maganarka kaɗai take ji.

Taka,
Yaya.

Ƙanena,

Ina fatan kana lafiya. Mu dai nan da sauƙi ba za a ce babu ba.

Na ji kiran da ka yi, ina tsaye a bakin ƙofa. Haba Dakta. Wai ana kan bincike, sakamakon farko mai ƙarfafa gwiwa ne, gara ta riƙa haɗawa da na asibiti. Wannan ita ce maganar da na roƙe ka? Tana fara sa maka albarka muryarka ta yi laushi, ka bar zancen. Da ta ajiye wayar cewa ta yi kunya ce ta hana ka yabon aikinka, haka masu ilimi suke.

Ni ka rubuto min gaskiya tsaf: a kwalba kawai ya yi aiki, ko a ɓera ba ku gwada ba tukuna, kuma abin da ya sauya launin ruwa ba lallai ya yi maganin cuta a jikin mutum ba. To me ya hana ka faɗa mata haka? Wallahi raina ya ɓaci da kai, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ƙafafunta sun kumbura har silifas ɗinta ba sa shiga, ta yanke igiyarsu da almakashi don kada in lura. Fuskarta ta cika, abinci ba ya zama a cikinta. Da ƙyar ni da maigidan muka sa ta a mota. Likita ya ce ƙodarta ta gaji, jinin da sugar sun daɗe suna cin ta ba magani, sai an fara wankin ƙoda. Tana kwance a gadon ƙarshe kusa da taga, kuma duk ma'aikaciyar jinyar da ta zo sai ta ba ta labarin ɗanta Dakta.

Ka taho in da hali. Tsoro nake ji.

Yayarka.

Ƙanena,

Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na san hanya ce ta hana ka riskar jana'iza, ban riƙe ka da wannan ba. Ka ci abinci, na ji muryarka a waya.

Akwai abin da na kasa faɗa maka da baki. Ranar da za a fara wankin, babban likita ya zauna a gefen gadon da takardarsa, ya tambayi Inna me take sha a gida, kuma me ya sa ta bar ƙwayoyinta. Na buɗe baki ke nan ta damƙe min wuyan hannu, har yanzu da shatin farcenta. Ta ce masa ba ta shan komai, mantuwa ce irin ta tsufa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya rubuta abin da ta faɗa.

Bayan ya fita ta jawo ni kusa, numfashinta na wannan warin da masu ciwon ƙoda ke yi. Ta ce, "Kada ki bari su rubuta ganyen. In malamansa suka ji za su kayar min da shi."

Ashe ta gane. Ban san yaushe ba, ban kuma tambaye ta ba. Daga ranar ba ta ƙara ba kowa labarin ganyen ba, labarinka kawai take bayarwa.

Na yi fushi da kai, na yi fushi da ita, yanzu kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Ƙaramar tukunyar tana nan, cikinta ya rine, na kasa dafa komai a ciki. Gwaibar ta fara sabon toho. Maigidan ya ce a sare ta, na ce ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Kada ka bar karatun, ai saboda shi ta yi wa likita ƙarya. Ka gama. Amma ranar da ka tsaya gaban malamanka, ko gaban uwar wani, aka tambaye ka ko yana aiki, ka faɗi a ina yake aikin, a kwalba ko a jikin mutum.

Yara suna gaishe ka. Na ce su riƙa kiranka Kawu, wancan sunan bakina ba ya iya faɗarsa tukuna.

Wadda ta goya ka,
Yaya.