Sabuwar Salansa da Kunnen Inna

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon bayan naki? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki idonta ne ya tafi, ba ƙwaƙwalwarta ba, tana sane da alkawarin zuwan da kika yi mata.

Albishirinki, na rabu da rurin motata. Kin dai san ta, tun daga kwanar layinmu ake sanin na dawo. Da ban damu ba, mai shagon kusa da mu yana kiranta tarakta ina dariya. Amma tun da matata ta haifi takwararki abin ya daina ba ni dariya. Da ƙyar uwarta za ta lallaɓa ta ta yi barci, ina shigowa da mota yarinya ta zabura ta tsala ihu, uwar kuma ta bi ni da harara har in gama cin abinci.

Shi ne na kai ta wurin mai walda. Da ya shiga ƙarƙashinta ya ƙwanƙwasa salansar, tsatsa ta zubo masa a fuska, ya fito yana tambayata ko addu'a ce ke riƙe da ita. Na ce ina son bututu mai faɗi, irin wanda ba ya tsatsa, don injin ya samu ya numfasa wajen hawa tudu, amma ba na son ƙara ko kaɗan. Ya ce wannan ne samari ba su ganewa, in bututu ya yi faɗi ƙara ma ƙaruwa take. Sai an sa babbar tukunyar salansa a baya, a ƙara wata ƙarama a tsakiya mai shanye gurnani, a kuma canza robobin da aka rataye ta da su don kada ta riƙa bugun jikin mota. Na ce ya yi duka. Yini na yi a kan benci ina kallon tartsatsi.

Yaya, da ya tayar da ita sai da na dafa bonet kafin na yarda tana aiki. Tudun da nake hawa ina salati, yanzu ko canza giya ba na yi. Jiya na shigo gida takwararki ko motsi ba ta yi ba, uwarta har ruwa ta kawo mini da murmushi.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Yaya yara da makaranta?

Wannan karon ba da fara'a nake rubuto miki ba. Inna ta canza. Ta sa an fitar mata da kujera bakin ƙofa, tun la'asar take zama, ba ta cin abinci sai na dawo. Na ɗauka iska take sha. Shekaranjiya na shigo ta ƙofar baya saboda kayan da na ɗauko, na yi wanka, na zauna ina wasa da yarinya. Sai can matata ta leƙa waje ta tarar da Inna a kujerar, duhu ya fara, carbi a hannunta tana hawaye. Ba ta san na dawo ba.

Ashe rurin nan da kowa ya tsana shi ne kwanciyar hankalinta. Kin san tun da Baba ya fita da mota bai dawo da rai ba, ba ta da natsuwa in ina kan hanya. Matata ta ce da, Inna tana jin ƙarar daga kwana sai ta yi hamdala ta ce a zubo mata abinci. Yanzu sai dai ta ji muryata a kanta kwatsam. Kuma ba ta taɓa yin ƙorafi ba, don ta san saboda jikarta aka yi gyaran.

Na koma wurin mai walda na roƙe shi ya maido mini da ƙarar ko kaɗan ce. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tunda yake sana'a ba a taɓa kawo masa wannan buƙata ba. Da na gaya masa dalili sai ya daina dariya. Ya ce ba zai huda aikinsa ba, hayaƙi zai riƙa shiga mota ya cutar da yarinya. Hon kuma kin san ya fi rurin tada mai barci.

Raina ba daɗi, Yaya. Na kwantar da jika na tayar da kaka. Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata duk kuna lafiya. Na gode da shawararki ta in sayar da motar in sayi keke, Allah ya shirye ki.

Ga yadda muka ƙare. Na lallaɓa Inna ta fito tsakar gida, na tayar da motar, na ɗora hannunta a jikin ƙofa. Ta daɗe tana saurare da kai a karkace. Sai ta ce wa ya ce motar nan ba ta da murya? Tana da ita, a ƙasa-ƙasa take kamar mage in ta ƙoshi, mu masu ido ne kurame. Ta sa na taka mai a hankali, na saki, na sake takawa, har ta ce ta haddace. Daga nan ta ce in zaga da ita. Rabonta da shiga motar tun da hayaƙinta ya fara sa mata ciwon kai. Muka yi ta hira a hanya ba tare da ɗaga murya ba, ta ba ni labarin yadda Baba ya koyi tuƙi, wanda ban taɓa ji ba.

Tun daga ranar, in na iso kwana sai in rage gudu, in cire giya, in ɗan taka mai sau biyu. Da farko ba ta cika dacewa ba, matata ta ce har motar mai shago ta yi wa hamdala.

Jiya da na iso ƙofar gida na ga kujerar ba kowa. Na bar mota a buɗe na ruga ciki. Na sami Inna a ɗakinta da kwano a cinya, takwararki tana barci a gefenta. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce in yi magana a hankali, kuma in daina ƙona mai a banza, taka ɗaya ya isa, tun daga kwana ta ji ni.

Na fita na ɗauke kujerar na mayar da ita falo. Ki zo ki ga Inna, ta fara yin kumatu.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta