Wayar Sama a Hannun Mai Kitso

Unguwar Marke, ta hanyar Yankara.

Zuwa ga maigidana, Baban Hafiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal da kake cewa ba ya ɗaukewa? Mu nan lafiya lau. Hafiza ta fara haƙori, duk wanda ya ɗauke ta sai ya sha cizo.

Saƙo ya iso. Yahuza direba ya kawo mini wayar har gida ranar kasuwar Yankara, ya nuna mini yadda ake yi. Wai sai na fita fili inda ba rufi ba inuwar itace, in ɗaga ta sama, ita kuma ta nemo tauraron ɗan adam da kanta. Ban yarda ba sai da na tsaya bayan rumbu na ga saƙonka ya shigo. Kai ma dai! Saƙo ya je sama ya dawo, amma abin da ka samu ka rubuta shi ne ko akuya ta haihu? Ta haihu, tagwaye. Ni ma matarka ina nan da rai, tunda ba ka tambaya ba.

Kar ka ce me ya kai ni rubuta takarda ga waya a hannu. Gajeren saƙo kawai take ɗauka, kuma da na fito da ita mata sun kewaye ni kamar ana rabon goro. Ta ina zan rubuta maka zancen zuciya ƙawata Hussaina na leƙe ta kafaɗata?

Ka san tun da hawa dutse neman sabis ya zama kasada saboda mutanen daji, ba mai jin ɗuriyar nasa sai ranar kasuwa. To yanzu gari kaf an karɓi lambata. Samarin da za su tafi ci-rani har haddace ta suke yi. Inna Larai maƙwabciyarmu ta tsare ɗanta Ɗanlahadi a zaure, ta sa ya yi ta maimaita ta har ta zauna masa, shi da ko nisa ba ya yi, iyakarsa acaɓa tsakanin nan da Sabuwa. In na shiga gida kitso yanzu, kafin in zauna an dama mini fura. Allah ya saka maka da alheri, ka ɗaga ni a garin nan.

Ka gaida abokan zamanka.

Taka har kullum,
Fiddausi.

* * *

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin da ka ce ya sake ka. Mu mun yanke dawa, alhamdu lillahi, Hafiza kuma ta fara tafiya.

Ka yi ta tambaya me ya sa saƙonnina suka koma lafiya lau kawai. Ga dalili, kuma ka yi haƙuri in ya yi maka ɗaci, don na san da kyakkyawar niyya ka sayi wayar nan.

Ashe mutum ba ya turo saƙo don ya ce ya ci ya ƙoshi. Labari mai daɗi riƙe shi ake yi, a zo da shi gida tare da tsaraba. Wanda ba ya jira shi ake turo mini: wane ya rasu, wane mota ta kife da shi, wance tana asibiti a zo da sauri. Na farko ƙanen Malam Mas'udu ne a Kano. Bayan shi sai Shamsu mijin Hussaina, ramin zinare ya rufta da shi. Ni na karanta, Baban Hafiza, ni kaɗai a bayan rumbu, ina jiyo Hussaina tana daka tana waƙa ta bayan danga. Ban san yadda ƙafata ta kai ni gidan ba. Hussaina ba ta taɓa faɗa mini maganar banza ba, amma har yau in na je ba ta iya kallon fuskata. Matar da muke cin tuwo kwano ɗaya!

Sai na ce bari in bi yadda aka saba, in riƙa kai wa Liman, shi ya samu dattawa su je su faɗa. Wannan ma bai yi magani ba. Da an hango ni na nufi ƙofar Liman sai gari ya yi tsit, kowace mace tana tuno nata da ke nesa.

Yanzu in na yi sallama a gida, taɓarya ce ke fara tsayawa. Rannan na shiga wajen Suwaibatu da tsinken kitsona, ita ce fa ta aiko in zo, amma tana ganina ta saki ƙwaryar gari a ƙasa. Muka yi dariya, ta ce tuntuɓe ne. Ba ta sake aikowa ba. Mata sun koma yi wa juna kitso, ni da ake rububi in an yi biki. Wallahi abin yana ci mini rai. Dabarar da na samu ita ce tun daga waje in ɗaga murya in ce lahiya lau ne, kitso na zo, sannan in yi sallama. Ka ji abin da matarka ta koma.

Mutum ɗaya ce har yanzu ke kirana in zo in zauna, Inna Larai, ita da ta fi kowa dalilin tsorona. Na rubuto maka a waya cewa mutanen daji sun tare Ɗanlahadi a hanyar Sabuwa tun dawa ba ta fid da kai ba. Har yanzu shiru, ba su turo saƙo ba, ba a ga ko babur ɗin ba. Shi kaɗai ya rage mata, ga hawan jini. Kullum da hantsi tana zaune a tabarma bakin ɗakinta. In na shigo ba fuskata take fara kallo ba, hannuna take kallo. In ta ga ba waya sai ta sauke numfashi, ta ce in zo in sosa mata kai. Shi ya sa in zan je wajenta nake barin wayar a ƙarƙashin filo.

Ka sa su a addu'a. Ni ma ka sa ni.

Matarka,
Fiddausi.

* * *

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu jiki lafiya, zuciya ce sai a hankali.

Ka ga saƙona cewa Inna Larai ta rasu, ka kuma ga na cewa Ɗanlahadi yana raye. Abin da ke tsakanin saƙonnin nan biyu ne ban iya rubutawa a waya ba.

A ranar, da hantsi, na fita bayan rumbu duba saƙo, sai ga wata baƙuwar lamba. Wani bawan Allah ne daga wajen Dandume, ya ce sun tsinci wani saurayi a bakin gonarsu, ya kuɓuto daga daji, ƙafafunsa duk sun fashe amma yana cikin hankalinsa. Sun tambaye shi wa za a sanar, ya karanto musu lambata ba gargada. Ya ce a gaya wa innarsa yana nan da rai.

Baban Hafiza, tun da wayar nan ta zo gidan nan ban taɓa riƙe labari irin wannan ba. Ban san sanda na zura da gudu ba, ba mayafi, ba takalmi, hawaye na zuba, wayar a hannuna. Ni da na koya wa kaina kiran lafiya tun daga waje, ranar da ta fi kowace rana cancanta ban kira ba. Murna ce ta shaƙe ni. Ko sallama ban yi ba na faɗa gidan Inna Larai.

Tana zaune a tabarmarta tana tsince wake. Ta ɗago, ta ga waya a hannuna, ta ga ina kuka. Na ga sanda ta yunƙura za ta tashi, ta kira sunan Allah, sai ta tafi ta gefe guda, farantin waken ya watse. Na durƙusa na ɗora kanta a cinyata, na sa bakina a kunnenta ina faɗa mata yana raye, Inna, yana raye, yana Dandume. Na faɗa har muryata ta dishe. Idonta a buɗe, bakinta ya karkace. Aka aika neman mota Yankara, ka kuwa san hanyarmu. Kafin motar ta iso Inna ta cika, ana kiran la'asar.

Liman ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda, ba mai wuce lokacinsa. Ba wanda ya nuna ni da yatsa. Amma ni na san da tafiya na yi, da na tsaya na ɗauki mayafi, da na jefa wayar nan a ɗaki kamar kullum, da ta ji daɗin labarin ko na yini ɗaya ne. Wayyo Allah, me ya kai ni gudu?

Ɗanlahadi ya iso ranar sadakar uku, a rame, yana dogara sanda. Bayan mutane sun ragu ya zo ƙofar gidanmu ya tsuguna. Abu ɗaya ya tambaye ni, ko Inna ta ji kafin ta cika. Na ce masa ta ji, har ta matse mini hannu. Hannunta ya motsa kam, wannan ba ƙarya na yi ba. Ko ji ta yi, ko fitar rai ce, Allah kaɗai ya sani. Ya share hawaye ya yi mini godiya, ya ce ba don wayata ba da ta tafi da baƙin cikinsa. Godiya fa ya yi mini, ni kuwa na kasa ɗaga kai.

Ka ce in wayar nan ta dame ni in kashe ta in ajiye. Na gwada, ban kai azahar ba na kunna. Yaron nan a tsakiyar daji lambar nan ce a kansa, kuma akwai irinsa da yawa da suka haddace ta suka tafi. Zan ci gaba da riƙewa, tunda ta faɗo a kaina.

Roƙo ɗaya nake yi maka. Ka zo gida kafin azumi, ko kwana kaɗan ne. Kuma in za ka taho kar ka turo saƙo, ka zo kawai ka yi sallama in ji muryarka. Ni ma yanzu in wayar nan ta yi ƙara, kai nake fara tunowa, gabana ya faɗi.

Hafiza tana gaishe ka. Allah ya tsare mini kai, ya jiƙan Inna Larai.

Taka mai jiranka,
Fiddausi.